Na Yi Wa'azi a Titin Ras Al Khor

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu mai rai. Baba Fasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, 'yan'uwa maza da mata, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Na ga yadda wasu suka dubi juna da na taso. Ku kwantar da hankalinku. Muna cikin harabar coci, kuma ba zan kama sunan kowa daga cikin waɗanda ke zaune a nan ba.

Ga sababbin zuwa da ba su san ni ba, sunana Iliya. Asalina kudancin Kaduna, amma a cikin garin Kaduna na girma. Ina da mata, Rifkatu, da 'yarmu guda, Alheri. Aikina a wannan ƙasa ta Larabawa dako ne, muna loda injinan mota da giyabos da tayoyi a kwantena a Ras Al Khor. Wannan ita ce Lahadi ta ƙarshe da zan yi sujada tare da ku. Cikin makon nan zan hau jirgi, kuma an gaya mini ba zan sake taka ƙasar nan ba.

Duk da haka na taso ne in ce: ku yabi Ubangiji!

A gida ni mai wa'azin titi ne. Ban yi makarantar fastoci ba. Ƙaramar lasifika ce da ni mai batir, in rataya ta a kafaɗa da sassafe kafin in wuce wurin aikin gini. In tsaya a bakin tasha, in tsaya a bakin kasuwa, in faɗi abin da Ubangiji ya sa a zuciyata. An zage ni. An taɓa sheƙa mini ruwan wanke-wanke daga saman bene. Wasu kuma sun tsaya sun saurara, har akwai wanda ya bi ni zuwa coci. Ba zan ce muku a gida ko'ina a buɗe yake ba. Ko a Kaduna akwai unguwar da in ka doso ta, kai da kanka za ka kashe lasifika ka tura ta cikin jaka. Amma dai akwai inda zan tsaya in buɗe baki.

Da aikin gini ya mutu a hannuna, sai na biyo masu zuwa nan.

Lahadin farko da na zo cocin nan, Baba Fasto ya tara mu sababbi bayan an tashi. Ya ce, "'Ya'yana, a cikin katangar nan ku yi waƙa har muryarku ta dushe, ba mai hana ku. Amma da kun fita ƙofar can, ku kama bakinku. Ba a wa'azi a titi. Ba a raba takardun bishara. Ba a kiran Musulmi zuwa wani addini. Dokar ƙasar ce. Wanda ya karya ta ba kansa kaɗai zai jefa cikin wahala ba, har da mu duka."

Na ce, "Na ji, Baba." Kuma da gaske na ji. Ba wanda zai ce ba a gargaɗe ni ba.

Shekarun da na yi a nan, haka na yi su baki a rufe. Kun san rayuwar. A tashi a kam ɗinmu na Al Quoz, masaukin leburori, a yi layin banɗaki, a yi layin bas, a je a ɗauki ƙarfe har yamma, a dawo a dafa shinkafa a faɗi kan gado. Da farko shirun ya yi mini ciwo ƙwarai. In muna tsaye a layin bas, mutane dam, sai in ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, in haɗiye ta. In zan rera waƙar yabo sai na shiga banɗaki na buɗe famfo. Daga baya na saba. Sabon nan shi ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna, domin har addu'ar da nake yi a kan gadona ta zama 'yar guntuwa, wata rana ma barci ya riga ta.

Mutum biyu ne suka riƙe ni a wannan zaman.

Na farko Baba Dauda. Da yawanku kun san shi, shi ne dattijon da yakan zauna a baya kusa da fanka, mutumin wajen Billiri. Gadonsa ne a ƙarƙashin nawa. A shekaru ya haife ni, amma aiki ɗaya muke yi. Yakan shafa baƙin rini a gashinsa kada kamfani ya ga furfura ya ce ya tsufa. Yana da hawan jini, yana ɓoye ƙwayoyinsa cikin safa. In ya ga na yi zugum sai ya ce, "Iliya, ɗauki ƙarfenka ka saki fuska. Mai son ya tambaye ka abin da ke cikinka zai tambaye ka."

Na biyu Malam Isuhu, direban motar kamfaninmu, mutumin Maraɗi. Musulmi ne wanda salla ba ta wuce shi. Ya yi karatun Faransanci, ya kuma iya Larabci sosai. Faranti ɗaya muke ci da shi. Da ya ji labarin lasifikata sai ya sa mini suna Fasto Marar Coci. Maganar addini kuwa ba ma yin ta. Shi ya san inda na tsaya, ni na san inda ya tsaya.

To, ranar da abin ya faru, tsakiyar lokacin zafi ne, irin zafin nan da iska take zama kamar tururin tukunya. Hantsi ya yi, ba a kai ga hutun rana ba. Ni da Baba Dauda muna tura wani inji zuwa bakin kwantena, sai ya ce, "Iliya, riƙe da kyau, ina ganin abu bibbiyu."

Kafin in juyo ya jingina da ƙarfen kwantenar, ya sulale ƙasa.

Na saki komai na tallabo kansa. Bakinsa ya karkace gefe guda. Yana ta ƙoƙarin yi mini magana, harshen ya ƙi. Ina ta kiran, "Baba! Baba Dauda! Dube ni!" Malam Isuhu ya kira motar asibiti, ya cire hularsa yana yi masa fifita. Masu motar ba su yi jinkiri ba, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu a gabanmu. Suka danna ƙirjinsa, suka sa masa na'ura. Can sai na ga sun dubi juna. Suka ja farin ƙyalle suka rufe fuskarsa.

A kan cinyata ya cika, 'yan'uwa. A bakin titi, kusa da kwatar baƙin mai.

Da motar ta tafi da shi, mutane ba su watse ba. Makanikai sun fito daga garejin da ke kewaye, 'yan Pakistan, 'yan Bangladash, 'yan Uganda, 'yan Gana, mutanen Nijar. Kowa ya yi cirko-cirko yana kallon inda ya kwanta. Sai foman ɗinmu ya tafa hannu ya ce, "Khalas, khalas! Yalla, a koma aiki, kwantena na jira!"

Ba mugun mutum ba ne. Shi ma akwai na sama da shi da yake jiran aikin. Amma kalmar nan, khalas, ita ta tsinka wani abu a cikina. Wato shi ke nan? Mutum ya bar matarsa da 'ya'yansa, ya rina gashinsa, ya zo ya mutu a ƙasa, a ce khalas?

Ban san lokacin da na hau tulin tsofaffin tayoyin da ke bakin titi ba. Na dai ji muryata ta fita, irin ta bakin tasha, wadda na ɗauka ta mutu. Na fara da guntun Turancina. Na ce mutumin nan da kuka gani yana da suna, sunansa Dauda, kuma ba khalas ba ne a gare shi, domin ya san Yesu. Na ce kowa a nan zai kwanta yadda ya kwanta, mai gareji da lebura. Da Turancin ya ƙare mini sai na koma Hausa. Na ce Yesu ya mutu dominku, ya tashi, yana kiran ku yau, ku zo gare shi tun kuna numfashi. Ina yi ina kuka.

Malam Isuhu ya kama ƙafar wandona yana ja. "Iliya, sauko! Don girman Allah ka sauko! Ana ɗaukar ka a waya!"

Na ga wayoyin. Ban sauko ba sai da na gama.

Mutane suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Muka koma muka ƙarasa loda kwantenar.

Washegari da safe muna layin bas a ƙofar kam, wasu mutum biyu cikin fararen riguna suka nufo ni. Ɗaya ya kira sunana, ya miƙo hannu, na ba shi wayata. Jami'an tsaro ne, cikin ladabi suka yi komai har suka sa ni a motarsu. Abokan ɗakina suna tsaye a layin nan, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ina so in faɗi wannan a fili, domin na ji ana yaɗa wasu labarai: ba wanda ya doke ni. Ba wanda ya zage ni. An ba ni abinci. Amma akwai wahalar da ba ta bukatar bulala. Ɗakin da aka sa mu sanyi ne kamar firji, fitila ba ta mutuwa, ba taga. Ba ka sanin safiya sai an miƙo shayi. Mutane suna shigowa suna fita, kowa da harshensa da laifinsa, kai kana nan.

Aka yi ta kira na ana tambaya ta bakin tafinta mai jin Turanci. Wa ya aiko ka? Wace ƙungiya ce take ɗaukar nauyinka? Su wane ne waɗannan da ke cikin wayarka? Wane ne wannan da ka rubuta Baba Fasto? Wannan gurup na addu'a, a ina kuke taruwa?

Sai suka nuna mini bidiyon. Wani ya sa shi a intanet, ya yi rubutun Larabci a kansa. Tafinta ya ce rubutun yana cewa wai wani ɗan Afirka ya hau taya yana zagin Musulunci da yarensu. Ya dube ni ya ce, "Wa'azi a titi laifi ne. Amma zagin addini wani abu ne dabam. Wannan shekaru ne a kurkuku." Turancin da na yi sun ji shi. Hausar ce ba wanda ya ji a cikinsu, kuma ita ce ta fi yawa.

'Yan'uwa, tsoro ya kama ni. Ni da na tsaya a kan taya ina kiran mutane kada su ji tsoron mutuwa, da aka ambaci kurkuku sai na koma ƙarya. Na ce musu zafin rana ne ya taɓa ni. Na ce ban tuna abin da na faɗa ba. Na ce addu'a kawai nake yi wa mamaci.

Suka rubuta, suka mai da ni ɗaki.

Daga nan duhu ya rufe ni. Zazzaɓi ya kama ni, maƙogwarona ya kumbura har ruwa da ƙyar yake wucewa. A wajen tambaya na fahimci an kira Baba Fasto, an kuma dakatar da taron zumuntarmu. Ba wanda ya zo duba ni daga coci. Na san dalili, amma sanin dalili bai hana ciwo ba. Ina kwance a ƙasa cikin bargo ina tunanin Rifkatu tana kiran wayata ba a ɗauka. Ina tunanin Alheri za ta yi girma har ta isa aure ubanta yana ɗaure a ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Ina tunanin Baba Dauda a cikin firjin mutuware, ba mai cewa nawa ne.

Na yi ƙoƙarin addu'a, ta ƙi fita. Abin da ke cikina fushi ne. Ina cewa a raina, Ubangiji, shekaru na yi shiru ba ka ce komai ba, ranar da na buɗe baki dominka sai ka juya mini baya? Na daina cin abinci. Ba azumi nake yi ba. So nake in bi Baba Dauda in huta. Ina faɗa muku gaskiya ne, har can na kai.

Ana nan sai wata rana da hantsi aka ce ina da baƙo. Na ja jiki na fita. Malam Isuhu ne zaune, da hularsa a gwiwa. Da ya gan ni sai ya kau da kai, ya yi salati a hankali.

Ya ce, "Iliya, haka ka koma?"

Ya gaya mini ya nemo lambar matata a wajen wani ɗan ɗakinmu ya kira ta, ya ce mata ina da rai. Ya gaya mini an binne Baba Dauda a nan, a maƙabartar Kirista, da yardar iyalinsa, domin kai shi gida ya gagara. Ya ce shi ya tsaya daga nesa har aka gama. Sannan ya ce an kira shi shaida, tunda ga shi nan a bidiyon yana jan wandona, kuma yana jin Hausa da Larabci. Za su sa shi ya fassara abin da na faɗa.

Na kama hannunsa. Na ce, "Malam, Allah ne ya kawo ka. Ka ce musu addu'ar mamaci ce. Iyakar abin da za ka ce ke nan."

Ya zare hannunsa a hankali. "Da kunnena na ji ka, Iliya. Kiran mutane ka yi zuwa addininka. Kuma rantsar da ni za su yi. Bon, ba zan yi ƙarya saboda kai ba. Amma wallahi ba zan bari a yi ƙarya a kanka ba."

Na ce, "To ka kashe ni ke nan."

"Ni na kashe ka? Ni da na ja wandonka har ya kusa yagewa?"

Raina ya ɓaci. Da 'yar muryar da ta rage mini na ce, "Kullum kiran salla yana shiga kunnena, ban taɓa cewa komai ba. A ƙasarmu kuna wa'azi a kasuwa, a tasha, a rediyo. Ni in buɗe baki sau ɗaya a kan gawar ɗan'uwana, ya zama laifi?"

Ya juya hularsa. Ya ce, "Ni ɗin nan da kake gani, Musulmi, in na hau tayar nan na yi wa'azi ba da izininsu ba, motar da ta ɗauke ka ita za ta ɗauke ni. Ƙasarsu ce, mon frère, ɗan'uwana. Da ni da kai duk baƙi ne, ƙarfinmu suka kira, ba bakinmu ba. Ban ce maka hakan ya yi mini daɗi ba." Ya miƙe tsaye. "Abin da ka faɗa ranar nan ban yarda da shi ba, har gobe. Amma ina wurin. Na ga fuskarka. Ba ƙiyayya ce ta hau da kai kan tayar nan ba. Wannan ma zan faɗa musu. Ka ci abinci."

Aka mai da ni ɗaki, na kwanta na juya fuska ga bango.

A nan Ubangiji ya same ni. Rana tsaka ce, masu salla a ɗakin sun idar, wasu suna barci. Maganar Malam Isuhu ta ƙi barin kunnena. Mutumin da bai yarda da abin da na yarda da shi ba ya ƙi yin ƙarya, ni kuwa mai wa'azi ina roƙon a yi mini ita. Kunya ta rufe ni. Na mirgina na kifa goshina a kan simintin nan mai sanyi. Murya ba ta fita, leɓuna ne kawai suke motsi.

Na ce, "Yesu, na ji tsoro. Har yanzu ina jin tsoro. Ban san ko kai ka hau da ni kan tayar nan ba ko baƙin cikina ne, kai ka sani. Amma sunanka na kira, kuma ba zan ce na manta ba. In kurkuku ne, ka shiga tare da ni. Ka riƙe Rifkatu. Ka riƙe Alheri. Ka kare 'yan'uwana da na jawo wa wahala. Ni dai kada ka bar ni."

Ban ga haske ba. Ban ji wata murya ba. Amma nauyin da ya danne ƙirjina tun ranar da Baba Dauda ya faɗi, sai na ji an ɗaga shi. Na yi kuka har bargon ya jiƙe. Gumi ya karyo mini a cikin ɗakin nan mai sanyi, zazzaɓin ya sauka. Wani dattijo ɗan Indiya da ke kusa da ni ya turo mini gurasarsa da ruwa. Na ci. Ta wuce!

Haleluya! Ya ji ni, 'yan'uwa. A wurin da ba a yarda in ɗaga murya ba, ya ji ni!

Da aka sake kira na, wani babban jami'i ne mai furfura a gemu, ga Malam Isuhu a gefe, ga tafinta. Kafin su fara na ɗaga hannu. Na ce abin da na faɗa a baya ba gaskiya ba ne. Na tuna duk abin da na ce. Wa'azi na yi. Ba wanda ya aike ni, fastona ma hana ni ya yi. Ban zagi kowa ba.

Jami'in ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Ka san doka?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

"To me ya sa?"

Na ce, "Ɗan'uwana ne ya mutu a kan cinyata, aka ce mu koma aiki."

Ya sa aka kunna bidiyon. Malam Isuhu ya gyara zama ya ce da Larabci, daga baya ya gaya mini ma'anarsa, "Maganarsa ce, ba tawa ba." Sai aka riƙa kunnawa ana tsayarwa, yana juya Hausata zuwa Larabci, jimla bayan jimla. Bai rage ba, bai ƙara ba. Ina zaune ina jin sunan Ubangijina yana fita a cikin ofishin nan, ana rubutawa. Gumi yana zuba daga goshin Malam Isuhu, na san ba abu mai sauƙi ba ne a gare shi. Da ya gama ya ce, "Iyakarta ke nan. Babu zagi a ciki. Da akwai, ni zan fara faɗa muku."

Ba su tsaya a kan maganarsa kaɗai ba, sun ba wani mai jin Hausa ya sake saurara. Na ƙara zama ina jira. Amma jiran nan ba irin na farko ba ne. Ina ci, ina barci, ina addu'a a zuciyata.

Ƙarshe aka kira ni aka ce maganar zagin addini ta faɗi. Maganar wa'azi kuwa tana nan, tunda ni da bakina na amsa. Hukuncina in bar ƙasar, ba dawowa. Aka sake ni a hannun kamfani kafin ranar tafiya, fasfona kuma sai a filin jirgi.

Ku yabi Ubangiji! Ramin da na leƙa, shekaru ne a ciki. Ya fisge ni daga bakinsa.

Amma kada in yi muku shaidar da ta fi gaskiya daɗi. Abin nan ya ci mutane. Akwai ɗan'uwanmu da kamfaninsa ya sallame shi don kawai an kira shi tambaya saboda sunansa yana cikin wayata. Ba ya nan yau, ya riga ni komawa gida, yana da 'ya'ya a makaranta. Bai hau taya ba, bai ce komai ba. Kun yi makonni ba ku taru ba saboda ni. Baba Fasto da girmansa ya zauna a benci yana jiran a kira shi. Ranar da ya kai ni kabarin Baba Dauda, muna tsaye a cikin rairayi da rana, ya ce mini, "Iliya, ka jefa mu cikin wuta." Sannan ya ɗora hannu a kaina ya yi mini addu'a yana hawaye. Duka biyun na karɓa.

Ina roƙon gafararku. Waɗanda kuma suka goge lambata, suka cire ni daga gurup, ban riƙe ku a zuciya ba. Da ni ne a waje, ban san abin da zan yi ba.

Wasu matasa sun same ni a ɓoye suna cewa na yi jarumtaka. Kada ku ce haka. Jarumin ya ce zafin rana ne ya taɓa shi. Ban kuma taso nan don in ce wa kowa ya fita titi ba. Ku ji maganar Baba Fasto. Ko daidai na yi ko kuskure, har yanzu ina tambayar Ubangiji, bai gama ba ni amsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce akwai wurin da mutum zai ga ɗan'uwansa ya mutu, ya faɗi abin da ya gaskata game da mutuwa ba tare da ya zagi kowa ba, a kama shi. Wannan ciwon da shi zan tafi. Ku yi wa ƙasar nan addu'a, da masu mulkinta. Ku yi wa tamu ma, domin mu ma ba mu gama koyon jin maganar juna ba tare da jini ya zuba ba. Ku sa Malam Isuhu a addu'a, Allah ya sāka masa da alheri, ya kare masa aikinsa.

Jiya na yi magana da matata. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa zan dawo hannu wofi, ba aiki, ba komai. Ta katse ni ta ce, "Baban Alheri, ka dawo kawai. Mun riga mun yi kukan mutuwarka, duk abin da ya zo bayan wannan riba ce."

In na sauka, bayan na ga iyalina, Billiri zan wuce. Jakar Baba Dauda tana wurina, da rigunansa na coci da sauran ƙwayoyinsa. Zan kai wa matarsa. Na san za ta tambaye ni abin da ya ce a ƙarshe, kuma ba ni da abin da zan ba ta, domin harshensa ya ƙi. Zan dai gaya mata bai mutu shi kaɗai ba, an riƙe kansa, an kira sunansa. Ku yi mini addu'a saboda wannan tafiyar, ta fi ofishin can yi mini nauyi.

'Yan'uwa, gobe da safe za ku koma layin bas, ku koma gidajen da kuke aiki, ku koma kama bakinku. Na san yadda yake. Wani a cikinku yana ɗauke da abin da ba zai iya faɗa wa kowa ba. Ku faɗa wa Yesu, ko da leɓe ne kawai. Ni na gwada shi a wurin da ba fasto, ba waya, ba murya, kuma ya zo. Ku dogara gare shi. Ba zai bar ku a ƙasar nan ku kaɗai ba.

Na gode wa Uba, na gode wa Ɗa, na gode wa Ruhu Mai Tsarki. In ba mu sake haɗuwa a duniya ba, za mu haɗu a gabansa, inda Baba Dauda ya riga mu.

Cikin sunan Yesu. Amin.